Tarihin Kayan Kamun Kifin Bass a Amurka

Bass kifin ruwan daɗi ne da asalinsa ke gabashin Arewacin Amurka, daga manyan tafkunan kan iyakar Kanada zuwa fadamun Florida. Iri biyu suka fi shahara. Mai babban baki ya fi son ruwa mai ɗumi, kwantacce, mai ciyawa; mai ƙaramin baki kuwa ya fi son ruwa mai sanyi, garau, mai duwatsu. Dukansu maharba ne masu kwanton ɓauna. Suna laɓewa a gindin kututture, ƙarƙashin ganyen bado ko bayan dutse, su jira ƙaramin kifi, kwaɗo ko jatan lande ya gifta su cafke shi. Idan ruwa ya fara ɗumi bayan hunturu, namijin kan share gurbi a wuri marar zurfi, ya tsare ƙwai da 'ya'ya, ya kai wa duk abin da ya matso hari. Wannan hali shi ne ya tsara tarihin kayan kama shi. Masu fatsa sun yi shekara ɗari biyu suna neman amsar tambayoyi uku: yadda za a jefa ƙugiya nesa ta sauka daidai, yadda za a ratsa da ita cikin ciyawa da itace ba ta maƙale ba, da yadda za a gano inda kifin yake tun kafin a jefa.

Gora da gashin barewa

Tsohuwar hanya ita ce doguwar gora, zare gajere, da tana ko ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya. Amma tun da wuri an gane cewa bass na kai hari ga abin da ba abinci ba ne muddin yana motsi. William Bartram, masanin tsirrai da ya zaga Florida a shekarun 1770, ya bayyana a littafin tafiye-tafiyensa na 1791 yadda mutanen yankin ke ɗaure ƙugiyoyi uku wuri guda, su lulluɓe su da gashin wutsiyar barewa da ƙyalle mai launi. Mutum ɗaya na tuƙa kwale-kwale a hankali, ɗayan na lilo da wannan tunku a saman ruwa har kifi ya yi tsalle ya haɗiye shi. Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 19 manyan masu fatsa na biranen gabas ba su ɗauki bass da daraja ba. A wurinsu kifin trout da salmon ne na masu hali, bass kuwa na talaka ne, na tukunya.

Masu gyaran agogo na Kentucky

Canji na farko ya fito daga jihar Kentucky, inda babu trout sosai amma koguna cike suke da bass. A farkon ƙarni na 19, George Snyder, mai gyaran agogo kuma maƙerin azurfa a garin Paris na jihar, ya ƙera manaɗin zare mai giya, wanda juyi ɗaya na hannu ke juya kwarkwaron sau da yawa. An san irin wannan na'ura a Ingila tun kafin nan, amma ta Snyder ta fi laushin juyi, har nauyin ƙaramin kifin da ke ƙugiya ya isa ya ja zare kai tsaye daga kwarkwaro yayin jifa. 'Yan'uwan nan Jonathan da Benjamin Meek, da B. C. Milam, sun ci gaba da sana'ar a Frankfort, suna ƙera kowane manaɗi da hannu daga tagulla ko azurfa.

Na'urar tana da aibinta. Idan abin da aka jefa ya rage gudu a iska amma kwarkwaro bai rage ba, zare kan cukurkuɗe ya zama ƙulli. Maganin shi ne babban yatsa, wanda ke danna kwarkwaro kaɗan-kaɗan har jifa ta sauka, kuma har yau ƙwarewar mai jifa tana kan wannan yatsa. A wajajen 1897 William Shakespeare Jr. na Kalamazoo a Michigan ya sami lasisin wata 'yar na'ura mai kai-komo da ke shimfiɗa zare daidai a kan kwarkwaro yayin naɗewa, aikin da a da yatsu ke yi.

A daidai wannan zamani kifin kansa ya bazu. Jiragen ƙasa sun ɗauke shi cikin tankuna zuwa kogunan da ba su san shi ba, har ya isa Kalifoniya a shekarun 1870. A 1881 wani likita, James Henshall, ya wallafa littafi sukutum kan bass mai suna Book of the Black Bass, wanda ya ɗaga darajarsa a idon masu fatsa.

Cokali da katako

Abincin bogi na farko da ya shiga kasuwa sosai ƙarfe ne mai siffar cokali, wanda ke walƙiya yana karkarwa idan an ja shi. Julio Buel ya sami lasisinsa a 1852. Na biyu katako ne. James Heddon, mai kiwon zuma a garin Dowagiac na Michigan, ya fara sassaƙa ɗan itace mai ƙugiyoyi a shekarun 1890, kuma a 1902 ya fara sayar da shi. Wannan katako yana yawo a saman ruwa yana fantsama, bass kuwa ya taso daga ƙasa ya buge shi. Daga baya aka manna wa goshinsa leɓen ƙarfe wanda ke sa shi nutsewa yana kaɗa jiki idan an ja. Tsawon leɓen da karkatarsa su ke ƙayyade zurfin da zai kai.

Nauyin waɗannan katakai ya canza sandar fatsa. Aka bar doguwar gora, aka koma gajeriyar sanda mai ƙarfi, ta tsagaggiyar gora da aka manne ko ta ƙarfe, wadda ake jifa da ita da hannu ɗaya. Da irin waɗannan kaya ne wani matashin manomi, George Perry, ya kama bass mai nauyin fam 22 da oza 4, wato kilo goma da ɗoriya, a tafkin Montgomery na jihar Georgia ranar 2 ga Yuni, 1932. An auna kifin, sannan iyalinsa suka cinye shi, domin lokacin matsin tattalin arziki ne. Wannan nauyi ya zauna a matsayin bajintar duniya shekaru da dama.

Madatsun ruwa da roba

Daga 1933, lokacin da aka kafa hukumar raya kwarin kogin Tennessee, gwamnatin Amurka ta shiga gina manyan madatsun ruwa don lantarki da hana ambaliya. Tafkin Guntersville a Alabama, tafkin Kentucky, da daga baya Sam Rayburn da Toledo Bend a yankin Texas, duk sun shanye dazuzzuka da gonaki da hanyoyi. Manoma kuma sun haƙa dubban kududdufai, kuma binciken Homer Swingle a Auburn ya nuna musu yadda za su haɗa bass da ƙaramin kifin da zai riƙa ci. Cikin shekara talatin kudancin ƙasar ya cika da sabon ruwa, bass ya yawaita a cikinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sababbin sinadarai suka shigo. Sandar zaren gilashi ta maye gurbin gora da ƙarfe saboda araha da juriya. Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1930, ya maye gurbin siliki da auduga masu ruɓewa. Manaɗin Mitchell 300 daga Faransa ya zo da kwarkwaro marar juyawa, wanda zare ke zamewa daga bakinsa, don haka ba ya cukurkuɗewa kamar na Kentucky kuma yana iya jefa abu marar nauyi. A 1949 wani kamfanin Tulsa, wanda asalin aikinsa ƙera bama-baman fasa rijiyoyin mai ne, ya fara ƙera rufaffen manaɗi da R. D. Hull ya zana. Shi ne ya zama Zebco, wanda ko yaro zai iya jifa da shi. Daga Finlan kuma kifin katako na Lauri Rapala, mai motsi irin na kifin da ya ji rauni, ya mamaye kasuwar Amurka a farkon shekarun 1960.

Amma abin da ya fi dacewa da sababbin tafkunan shi ne tanar roba. Nick Creme na Akron a Ohio ya fara zuba ta a gidansa a 1949. Masu fatsa na Texas, waɗanda ke fama da itatuwan da ruwa ya shanye, suka samo mata ɗauri na musamman: a zura darma mai siffar harsashi a zare, a soka ƙugiya ta kan tanar, a juyo da ita, a binne tsininta cikin jikin robar. Ta haka tana kan ratsa rassa da ciyawa ba ta kama komai ba. Mai fatsa na ɗaga ta a hankali yana saki, idan ya ji ɗan bugu a zare sai ya fizge sanda da ƙarfi don tsinin ya huda roba ya shiga bakin kifi. Wannan ɗaurin Texas ya buɗe wuraren da a da ba a iya jefa ƙugiya.

Jirgi da idon da ke ƙarƙashin ruwa

Babban tafki na bukatar jirgi. Ole Evinrude ya fito da injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale a 1909, O. G. Schmidt kuma ya ƙera ƙaramin injin batir a 1934, wanda ke matsar da jirgi shiru ba tare da firgita kifi ba. Holmes Thurmond ya ƙera jirgin Skeeter a Louisiana a 1948, Forrest Wood ya fara Ranger a Arkansas a 1968. Siffar da ta tabbata ita ce jirgi mai faɗi, marar zurfi, mai dandamali a gaba, da babban inji a baya don gudu da ƙaramin inji a gaba da ake sarrafawa da ƙafa.

Saura sanin inda za a tsaya. Buck Perry na North Carolina ya koyar da cewa bass ba ya watsuwa barkatai. Yana zama a zurfi, yana bin tudu, gangare da tsohon kwarin kogi na ƙarƙashin ruwa yayin da zai fito kiwo. Na'urar da ta tabbatar da wannan ita ce ƙaramin koren akwatin da Carl Lowrance da 'ya'yansa suka fitar a ƙarshen shekarun 1950. Tana aika sauti ƙasa, ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo, ta nuna zurfi da abin da ke tsakani. Daga nan masu fatsa suka fara juya wa gaɓa baya suna neman kifi a tsakiyar tafki.

Zamanin gasa

A watan Yunin 1967 Ray Scott, dillalin inshora daga Alabama, ya shirya gasa a tafkin Beaver na Arkansas, inda mutum 106 suka biya dala 100 kowanne. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., a 1971 kuma aka yi gasar Bassmaster Classic ta farko a tafkin Mead, wadda Bobby Murray ya lashe. Gasa ta zama wurin gwajin kaya: duk abin da ya ci kuɗi a ranar Asabar, kantuna kan nema a mako mai zuwa. Ta nan sandar graphite, mai sauƙin nauyi da saurin isar da motsi zuwa hannu, ta yaɗu daga 1973. Ta nan kuma dabarar Dee Thomas na Kalifoniya ta shahara a tsakiyar shekarun 1970: a matso dab da ciyawa, a yi lilo da ƙugiya mai darma da doguwar sanda, a sauke ta cikin ɗan rami ba tare da fantsama ba.

Tulin matattun kifaye a wurin awo ya jawo suka, don haka daga 1972 ƙungiyar ta fara kamfen na sakin kifi da rai. Wannan ya sa aka gina wa jirage tankin ruwa mai famfo don ajiye kifi har a auna shi. Al'adar ta bazu har yawancin masu fatsar bass a Amurka suka daina kai shi gida.

Ƙetare da zamanin yanzu

An kai bass Japan a 1925, inda Akaboshi Tetsuma ya zuba shi a tafkin Ashi, an kuma kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920. Tafkunan Japan garau ne kuma masu fatsa sun yi musu yawa, sai kifin ya yi wayo. Wannan ya haifar da dabarun siririn zare da ƙananan robobi, ciki har da ɗaurin da ake sa darma a ƙarshen zare, ƙugiya kuma a sama da ita, don roba ta tsaya tana rawa a wuri guda. Zaren fluorocarbon, wanda da ƙyar ake ganinsa a ruwa, shi ma daga Japan ya fito. A 2009 Manabu Kurita ya kama bass a tafkin Biwa wanda aka amince ya yi kunnen doki da na George Perry. Sai dai kifin ya yi wa kifayen asali ɓarna, kuma dokar Japan da ta fara aiki a 2005 ta sa shi cikin baƙin halittu masu cutarwa, ta hana jigilarsa da rai.

Sabon babi shi ne na'urar da ke haska gaban jirgi kai tsaye, wadda ta yaɗu bayan Garmin ya fitar da LiveScope a 2018. Mai fatsa na ganin kifi yana iyo a allo, yana ganin robarsa na sauka, yana ganin ko kifin ya bi ta ko ya kauce. Masu goyon baya na cewa ta bayyana halayen kifin da ke yawo a tsakiyar ruwa waɗanda a da ba a sani ba. Masu suka na cewa tsadarta ta raba masu kuɗi da marasa shi, kuma ta rage darajar sanin ruwa da ake tarawa cikin shekaru. Wasu masu shirya gasa sun taƙaita yawan na'urorin da jirgi zai ɗauka ko lokacin amfani da su, wasu sun hana su gaba ɗaya, kuma muhawarar na ci gaba tsakanin ƙungiyoyin gasa, kamfanonin kaya da hukumomin kula da kifi na jihohi.