Ƙarfen da Kanikawan Dutsin-Ma Suka Yi Shekaru Suna Jefarwa

Duk garejin da ya kwana biyu a Dutsin-Ma, idan ka leƙa ƙarƙashin benci za ka tarar da tsohon gwangwani cike da wasu ƙananan ƙarafa masu sifirin, ko wanne bai cika tafin hannu ba. Tamosta ke nan. Da yawansu lafiyarsu lau aka zare su daga mota. Ni da na shiga kanikanci ina yaro a ƙarshen shekarun 1970, na tarar da al'adar ta riga ta zauna: mota ta zo, ko sabuwa ce dal, a kwance wuyan ruwa, a ciro tamosta, a shafa gam a mayar. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne, daga Kurfi har Funtua: wai na ƙasar Turawa ne, su da ke da sanyi.

Maganar tana da asali, kuma waɗanda suka fara ta ba wawaye ba ne.

A 1976 aka yi Dutsin-Ma hedikwatar ƙaramar hukuma, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Kuɗin man fetur na yawo a ƙasa. Shekara guda kafin nan masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara haɗa motoci, 404 da 504, haka ita ma ta Bosuwaja a Legas. Kafin wannan zamani motar da muka sani ita ce roka mai bodin katako da ke ɗaukar gyaɗa da auduga da 'yan kasuwa, sai Landiroba ta ma'aikatan gona da ta hakimi. Cikin 'yan shekaru malamin makaranta ya karɓi bashin mota ya sayo Bosuwaja ƙirar kunkuru, akawu ya sayo Fijo. Sai kuma aikin madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala a 1983, ya kawo tifa da katafila da janareto, tare da kanikawan kamfani da suka yi makaranta. Daga bakinsu yawancinmu muka fara jin cewa baƙin mai ma yana da nasa lagireto.

Ruwan da ake zuba wa mota a wancan lokaci ruwan rijiya ne, ko na kududdufi idan damina ce. Babu mai zancen ruwan kwalba mai launi da ke hana tsatsa. Wata shida ya isa cikin inji ya yi ja wur, laka ta kwanta a bututun lagireto, tamosta ya cije. Idan ya cije a buɗe da sauƙi. Idan ya cije a rufe, ruwa ba zai je lagireto ba, kafin direba ya isa Kurfi daga Katsina murfi ya fara huci, wani lokaci gaskit ya ƙone. Sabon tamosta kuwa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a jira mai zuwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce wa direba: "Malam, ko in cire ka tafi yau, ko ka kwana uku a nan." Wane direban haya ne zai zaɓi kwana uku? Injin Fijo kuma mai haƙuri ne, kafireto gare shi, ba ya ƙorafi a fili. Sai magani na wucin gadi ya zama ka'ida, yaro ya gani wurin maigidansa, shi ma ya koya wa nasa yaran.

Abin da ke cikin ƙarfen bai kai a yi masa tsoro ba. Wani ɗan kofin tagulla ne da aka cika da kaki na masana'anta, aka soka sanda a ciki. Zafi ya kai wani mizani, kakin ya narke ya kumbura, ya turo sandar, ƙofa ta buɗe. Ya huce, sifirin ya mayar da ƙofar. Wani mutum mai suna Sergius Vernet ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarun 1930, ya maye gurbin tsohon samfuri mai kumburin iska. Mizanin a rubuce yake a jikin ƙarfen: na Toyota da yawa 82, na Golf 87. Wato aikinsa ya riƙe ruwa cikin inji har ya yi ɗumin da ake so, daga nan ya sake shi. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya, ba ya hana komai wucewa. Lafiyayyen tamosta bai taɓa sa mota obahitin ba, ko da a watan Afrilu ne da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa.

A Bosuwaja na fara ganin wannan hikima a ɓangaren mai, kuma har yau ita ce motar da na fi so in koyar da yaro a kanta, sai dai ta yi wuyar gani. Ba ta shan ruwa. Iska da baƙin mai su ke ɗauke mata zafi, man kuma lita biyu da rabi ne kacal, babu filta sai rariya. A cikin rumfar fanka akwai ɗan ƙaramin oyil kula a tsaye, mai na bi ta cikinsa, fanka na hura shi. A tsoffin injinan shi wannan oyil kula yana tare wa silinda ta uku iska, shi ya sa bawul ɗinta ke riga sauran ƙonewa, har sai da Jamusawa suka matsar da shi gefe a samfurin 1971. A ƙarƙashin injin akwai tamosta mai buɗe marufan iska, wanda mu kan cire mu ɗaure marufan da waya. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wani fistin ƙarami da sifirin a cikin hanyar mai. Da safe mai yana da kauri, ƙarfin turawarsa ya yi yawa, sai ya danne fistin ɗin ya wuce kai tsaye zuwa inji ba tare da ya bi ta oyil kula ba. Ya yi zafi ya tsinke, fistin ya koma, dole ya bi ta wurin sanyaya. To, ga inda aka yi ta samun matsala. Masu mota sun yi imani cewa ƙasa mai zafi sai mai mai kauri, suna sayen lamba 50 a galan, wani ma har da ƙarin maganin kauri. Man ya ƙi tsinkewa, fistin ya zauna a danne, oyil kula na nan a banza, injin na dahuwa. An gudu ba a tsira ba.

Baƙin mai yana da iyaka biyu, kuma mutanenmu ta sama kawai suka sani. Idan ya wuce digiri 120 yana ta tsinkewa, fatar da yake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta yi siriri, kuma yana saurin lalacewa ya zama kwalta. Ta ƙasa ita ce ba a kula da ita. Ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa, kusan lita guda a kowace litar fetur. Akasarinsa ta salansa yake fita, amma wani yana silalewa ta gefen ringi ya sauka cikin mai, tare da ɗanyen fetur. Sai man ya kusanci digiri 90 zuwa 100 na ɗan lokaci kafin waɗannan su ƙafe su fita. Motar da ba ta da tamosta, ta tashi da asubar hunturu a watan Janairu, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da 15, ta kai yara makaranta ta dawo, man injinta bai ko yi ɗumi ba. Haka kullum. Shi ne idan ka buɗe murfin bawul ka ga baƙar laka, mai motar kuwa yana rantsuwa bai taɓa tsallake juye ba. Gaskiya yake faɗa.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, ma'aikata suka dawo gida daga Kaduna, zirga-zirga ta ƙaru a hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60. Motocin da suka cika hanyar 'yan Kwatano ne: Golf, J5, Hiace, daga baya Sharon. Nan al'adar ta sami ƙarin hujja, domin waɗannan da gaske daga ƙasar ƙanƙara aka kwaso su. Sai aka ƙara mata wata: a haɗa fanka dairek, tana juyawa tun daga murɗa makulli.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna ɗauke da wani irin oyil kula dabam, ɗan akwatin alminiyam a gindin filta. Ba iska ke sanyaya shi ba, ruwan inji ne ke ratsa shi ta gefe ɗaya, mai ta ɗaya gefen, siririn bango a tsakani. Aikinsa biyu: da safe ruwa ya riga mai yin zafi, sai ya ɗumama shi, da rana kuma ya karɓe masa zafi. Ba shi da tamosta na kansa, da na ruwa ya dogara. Wanda ya cire na ruwa ya cire na mai ke nan bai sani ba. Ruwan rijiya kuma yana cin bangon nan har ya huje, mai ya gauraya da ruwa, ka buɗe lagireto ka ga abu kamar shayi mai madara. An sauke kan inji da yawa a garin nan da sunan gaskit ya ƙone, aka kai Katsina aka goge, aka ɗaura, bayan kwana biyu madara ta dawo. Laifin na ɗan akwatin ne, wanda yaro zai canza cikin awa guda. Wasu sukan haɗa tiyon ruwan biyu su kewaye shi gaba ɗaya. Mota za ta tafi, amma bas ɗin da aka yi wa lodin buhunan masara har rufi ranar kasuwa, man cikinsa babu mai ɗauke masa zafi sai kaskon ƙasa.

Game da ƙara wa mota oyil kula na iska, wanda matasa masu Hilux da masu ɗaukar kaya ke tambayata yanzu, ra'ayina ba ya yi wa kowa daɗi. Yawancin motocin da ake cewa suna bukatarsa wanka suke bukata. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da gawar ƙwari sun toshe haƙarƙarin lagireto, murfinsa ya daina riƙe iska, alhali shi ne ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120, rumfar fanka ta karye an yar. A gyara waɗannan, a zuba ruwan kwalba, a sa man da kamfani ya rubuta, sannan a auna zafin man a kan hanya da lodi. Idan har yana haura 120, to a ƙara. Yadda ake yi, ana cire filta, a ɗaura wani faranti mai bakin tiyo biyu, a mayar da filta a kansa, tiyo su kai mai gaba inda iska ke bugawa. Farantin iri biyu ne a kasuwa. Mai araha rami ne kawai, mai na zagayawa ta cikin kula ko da sanyi ko da zafi. Mai tsada yana da tamosta a ciki, irin na kaki, wanda ke barin mai ya yanke hanya har sai ya kai wajen 80, sannan ya rufe gajeriyar hanyar ya tilasta masa bin doguwa. Ko da sanyi yana barin kaɗan ya zagaya ta cikin kula, don kada sanyayyen mai ya afka wa inji lokaci guda. Ni ba na ɗaura mai arahar. Kuma tiyon ruwa ba ya aikin mai: zai jiƙe ya fashe, man inji ya ƙare a kwalta cikin daƙiƙu, fitilar ja na kamawa an riga an yi nokin. A tuna kuma an ƙara wa hanyar mai tsawo, sai a ƙara mai a sake duba sanda.

Abin da ya fara girgiza tsohuwar al'adar kwamfuta ce. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, Corolla da Camry da Honda suka yawaita, kuma kowace na da ma'aunin zafi da ke kai wa birenbos, wato kwamfutar motar, rahoto. Muddin ya ce inji da sanyi, birenbos zai ci gaba da ƙara fetur, filogi ya yi baƙi, wasu giyoyin otomatik ma su yi jinkirin shiga ta ƙarshe. A da mai mota bai damu ba. Daga 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, kowa ya koma lissafin lita. Kwanan baya wani malamin jami'a ya zo da tamosta a leda, ya ce: "Baba, a mayar mini da shi, an ce shi ke sha mini mai." Tsoffin abokan aikina a tasha har yanzu wasu na cirewa, yaran da suka sayi na'urar duba mota suna mayarwa, ana ta musu a gindin bishiya bayan la'asar.

Matsalar da ta rage ita ce jabu. Kwali mai kyau, lamba a rubuce, amma ciki ba kaki na kirki, kuma idan irin wannan ya cije a rufe, masu cirewa sun sami abin faɗa na shekara guda. Don haka ba na ɗaura ko wanne sai na gwada. Ina aika yaro wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi a gwangwani, mu ɗora a kan risho, mu rataya tamostan da waya yadda ba zai taɓa gindi ba. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata ƙofar ta fara ɗagawa, yana tafasa ta buɗe kusan faɗin ɗan yatsa, a fito da shi ta rufe da kanta. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa, mai shago ake mayar wa, da kwalinsa.