Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Farautar Maganin Shawara

A shekarar 1927, a ƙasar da yau ake kira Ghana, wani likita mai suna Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum, Asibi, wanda zazzaɓi ya kwantar. Asibi ya warke, amma jininsa da aka sa wa biri a ɗakin binciken Gidauniyar Rockefeller ya kashe birin. Daga nan masana suka riƙe ƙwayar cutar shawara a hannu. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya mutu da cutar a Legas a wannan shekara, Hideyo Noguchi kuma a Accra a 1928.

Tun 1881 Carlos Finlay, likita ɗan Kuba, ya ce sauro ne ke yaɗa cutar, tawagar Walter Reed ta tabbatar da hakan a 1900. Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafin 17D a 1937, bayan ya yi ta renonta daga wani tantanin halitta zuwa wani, fiye da sau ɗari, har kaifinta ya dushe. Ya karɓi kyautar Nobel a 1951, kuma rigakafin da ake yi wa yara a Nijeriya da Nijar a yau zuriyar wannan ne.

To, ga abin da ya rage: rigakafi yana tsare mai lafiya, amma wanda ya riga ya kamu ba shi da maganin da zai kashe ƙwayar. Kusan rabin waɗanda cutar ta tsananta musu sukan mutu. Me ya sa aka share shekaru kusan ɗari ba a cike wannan giɓi ba?

Amsar ta fara bayyana a 1985, lokacin da Charles Rice da abokan aikinsa suka karanta kundin gadon ƙwayar 17D. Sai ga shi ɗan mitsitsi ne, haruffa kusan 11,000, mai samar da furotin goma kacal. Da wannan ɗan guzuri ba za ta iya hayayyafa ita kaɗai ba. Idan ta kutsa cikin tantanin jikin mutum, sai ta sa injinan tantanin su ƙera mata furotin guda mai tsawo, sannan a yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Wasu wurare da almakashinta take yankawa, wasu kuwa da almakashin mai gida. Haka 'yan uwanta suke yi, wato dengi da Zika da zazzaɓin Yammacin Nilu.

Wannan ya buɗe hanya ta biyu. Maganin da ke kai wa furotin ɗin ƙwayar hari yakan rasa tasiri, domin tana saurin sauya kama. Furotin ɗin mutum kuwa ba ya sauyawa haka, kuma toshe shi zai iya gurgunta dangin cututtuka baki ɗaya. A 2016, masu bincike a ɗakin Michael Diamond a Amurka suka yi amfani da fasahar CRISPR suna kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa idan babu furotin SPCS1, wani ɓangare na almakashin mai gida, hayayyafar shawara da 'yan uwanta tana raguwa ƙwarai, tantanin kuma ya ci gaba da rayuwa.

Sai dai ɗakin bincike daban, gadon asibiti daban. Celgosivir, maganin da ke toshe wani sinadarin jikin mutum da dengi ke dogaro da shi, an gwada shi a Singafo, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna bai rage ƙwayar a jini yadda aka yi fata ba. Ga kuma haɗarin cewa kowace ƙofar da aka rufe wa baƙo, mai gida ma yana bi ta cikinta. Duk da haka hanyar ba mafarki ba ce: maraviroc, da aka amince da shi a 2007, yana yaƙar ƙanjamau ta hanyar toshe furotin CCR5 na mutum.

Shawara ta sake ɓulla a Nijeriya tun 2017. Kafin binciken nan ya kai kantin magani, kariyar da ke hannu ita ce allura ɗaya, wadda asalinta jinin Asibi ne.