Tabarau Mai Ƙiftawa na Wasannin Bidiyo

Tabarau mai ƙiftawa na'ura ce da ake haɗawa da tsofaffin injunan wasan bidiyo domin hoto ya fito da zurfi, kamar a taɓa shi. Gilasansa biyu suna duhu bi da bi cikin sauri, daidai da sauyawar hoton talabijin, sai kowane ido ya ga nasa hoton, ƙwaƙwalwa ta haɗa su.

A 1987 kamfanin Sega ya fito da SegaScope 3-D domin injin Master System, mai wasanni irin su Space Harrier 3-D. A shekarar ce Nintendo ya fitar da Famicom 3D System, wanda bai wuce Japan ba. Dabarar kyakkyawa ce, amma ƙiftawar tana gajiyar da ido, wasannin tabarau ɗin kuma kaɗan ne. Da tsohuwar talabijin mai ƙeya yake aiki.