Sara da Kiyayewa a Dazuzzukan Iyalai na Finlan: Nazari kan Shirin METSO

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙasar Finlan ke ƙoƙarin haɗa sana'ar katako da kare nau'o'in halittu a dazuzzukan da ke hannun ɗaiɗaikun mutane. An dogara ga dokar daji ta 1996, da rahoton halittun da ke cikin haɗari na 2019, da manufofin shirin METSO. An gano cewa biyan mai daji don ya kiyaye bisa yardarsa ya kashe wutar rikici, amma bai kai ga tushen matsalar ba, wato ƙarancin tsofaffin bishiyoyi da ruɓaɓɓen itace a dajin da ake sara.

1. Gabatarwa

Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na dajin da ke ba da katako mallakar iyalai ne, mutum sama da 600,000, kuma matsakaicin rabon kowane gida bai wuce hekta 30 da 'yan kai ba. Daga hannunsu masana'antu ke sayen kusan kashi 80 na katakon cikin gida. Manyan wuraren da aka killace kuwa suna can arewa, a filayen gwamnati, inda sanyi ke hana bishiya saurin girma. Kudu, inda ƙasa ta fi albarka kuma halittu suka fi yawa, nan ne dajin iyalai yake. Saboda haka duk mai son kare halittun dajin Finlan dole ya bi ta ƙofar mai daji.

2. Inda matsalar take

Rahoton 2019 ya tantance nau'in halitta sama da 22,000, ya sami kashi 11.9 cikin ɗari suna cikin haɗari, kuma kusan sulusinsu daji ne mazauninsu na farko. Ba yawan bishiyoyi ne ya ragu ba. Katakon da ke tsaye a yau ya fi na tsakiyar ƙarnin da ya wuce nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓace shi ne bishiyar da aka bari ta tsufa, ta mutu, ta faɗi, ta ruɓe a inda ta faɗi.

A ɗauki gungumen bishiyar sifurus guda da iska ta kayar. Shekarar farko ƙwarin ɓawo ke shiga, maƙwaƙwafi ya biyo su yana ɓarewa. Daga nan naman kaza mai kama jikin itace ya tsiro, ya laushe cikin, wasu ƙwarin da ba sa cin komai sai wannan naman kazan su zo. Bayan shekaru gommai gansakuka ta lulluɓe shi, har sabon tsiro ya kafa saiwa a bayansa. Kowane mataki da masu zamansa, kuma ba sa iya jira: idan nasu gungumen ya ƙare, sai sun sami wani a kusa mai irin wannan ruɓa. Siitonen (2001) ya ƙiyasta cewa nau'i 4,000 zuwa 5,000 a Finlan sun dogara ga mataccen itace, wato kashi 20 zuwa 25 na halittun daji. Ya kuma nuna cewa dajin da ba a taɓa ba a kudu kan tara kubik mita 60 zuwa 90 a hekta, alhali dajin sara na da 2 zuwa 10. A idon mai daji, wannan gungumen kuɗi ne ke ruɓewa a ƙasa, kuma bai yi ƙarya ba.

3. Daga tilas zuwa yarda

Dokar daji ta 1996, a sashe na 10, ta hana lalata wasu wurare na musamman: bakin idon ruwa, gefen ƙorama, kwazazzabo, da tsibiran ƙasa mai ni'ima. Galibinsu ba su kai hekta ɗaya ba. Masu daji sun haƙura da wannan. Abin da ba su haƙura da shi ba shi ne tsarin Natura 2000 na Tarayyar Turai, wadda Finlan ta shiga a 1995. A 1997 aka fitar da taswirar wuraren da za a killace, mutane da yawa suka ga filinsu a ciki ba tare da an tuntuɓe su ba. Dubban takardun ƙorafi suka kwararo wa hukuma, a garin Karvia na yankin Satakunta kuma wasu masu daji suka shiga yajin cin abinci.

A wannan yankin na Satakunta ne, daga 2003, aka gwada wata hanya: mai daji ya kawo tayin wurinsa da kansa, a duba darajarsa, a daidaita kan farashi, a sa hannu na shekara goma. Gwajin na cikin zangon farko na METSO, shirin kiyaye daji bisa yardar mai shi, wanda gwamnati ta faɗaɗa a 2008, daga baya kuma ta tsawaita shi har zuwa 2025. Buri biyu aka sa: killace hekta 96,000, akasari na dindindin, da kuma hekta 82,000 ta yarjejeniyar wucin gadi da ayyukan gyaran muhalli. Mai daji na da zaɓi: ya sayar wa gwamnati, ko ya riƙe mallakarsa a mayar da wurin killatacce a biya shi diyya wadda ba a cire mata haraji, ko ya ɗauki yarjejeniyar shekara goma. Ana lissafin diyyar ne musamman bisa kuɗin katakon da ke tsaye.

4. Tattaunawa

Ta fuskar zaman lafiya shirin ya ci nasara, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Manomin da ya taɓa tsoron jami'in muhalli ya hango kurege mai shawagi, wanda doka ke karewa, a dajinsa, yanzu shi ke kiransa ya zo ya duba tsohuwar bishiyar asfen mai kogo. An yi nisa sosai wajen cika buri na farko, kodayake na biyu ya ja ƙafa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Dajin katako na Finlan ya kai kimanin hekta miliyan 20, don haka hekta 96,000 ba ta cika rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kuma da yake mai so ne kawai ke kawo tayi, wuraren sukan warwatsu, wannan a nan, wancan a can, da fili sararre a tsakaninsu. Binciken Ilkka Hanski kan halittun da ke zaune a guntayen muhalli ya nuna cewa nau'i na iya daɗewa a ƙaramin tsibiri yana raguwa a hankali, ana ganinsa ana zaton lafiya, alhali ƙarewa yake yi. Shi ya sa a 2011 ya ba da shawarar a ware sulusin ƙasa a matsayin yankunan kiyayewa, a killace sulusin kowannensu, don wuraren su taru maimakon su bazu.

Yarjejeniyar shekara goma ma abin dubawa ce. Bishiyar da ake so ta tsufa tana buƙatar fiye da ƙarni. Idan wa'adi ya cika, magaji ya karɓi gado, farashin katako ya hau, babu abin da zai hana shi kiran injin sara.

Ragowar dajin, wanda shi ne mafi yawa, ya dogara ga abin da ake bari lokacin sara. Ƙa'idar PEFC, wadda mafi yawan masu daji ke bi, ta daɗe tana neman a bar bishiyoyi kusan goma a hekta. Goma ta fi babu, amma ba ta kusanci kubik mita 20 na mataccen itace da bincike ke nuna cewa nau'o'in naman kaza masu haɗari na fara samun wurin zama a kai ba. Gyaran doka na 2014 ya halatta sara ta tsince-tsince ba tare da share fili ƙaƙaf ba, sai dai har yanzu sharewar ce ta fi rinjaye. A 2024 kuma Finlan na cikin ƙasashen da suka ƙi jefa ƙuri'ar amincewa da dokar farfaɗo da muhalli ta Tarayyar Turai.

Hukuncin wannan nazari shi ne a riƙe tsarin yarda, amma a daina raba kuɗin ga duk inda tayi ya fito. A fifita filayen da ke maƙwabtaka da wuraren da aka riga aka killace, a ƙara wa maƙwabtan da suka kawo tayi tare, a kuma fara biyan mai daji kan kowane kubik mita na itacen da ya bari ya ruɓe a dajin da yake sara.