Faifan kallo ya koma masta: Tarihin shigar da hoto cikin kwamfutar edita

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, yayata ta kira ni ɗakinta a gidanmu na Mashi, ta buɗe akwati ta ciro wani faifan CD naɗe cikin tsohon kallabi. Faifan bikinta ne na shekarar 2006. Ba bikin ne ya dame ta ba. A ciki akwai wurin da marigayi mahaifinmu yake yi mata nasiha ranar da za a kai ta, kuma babu inda muryarsa ta rage a duniya sai nan. Ta ce, "Don Allah ka kai a cire mini wurin Baba a sa mini a waya, yaran nan su ji muryar kakansu."

Na ce, "Yaya, ai wannan aikin minti goma ne." Ashe ban san dawan garin ba. Shagunan da na zaga na masu tura finafinai a waya, babu mai kwamfutar da ke cin faifai. Sai da na hau mota zuwa Katsina, aka haɗa ni da wani tsohon edita da ya yi zamanin kaset. Ya saka faifan, kwamfuta ta nuno wani fayil mai suna AVSEQ01.DAT, amma da ya jawo shi cikin manhajar editin sai ta ƙi karɓa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai don kallo aka yi shi, ba don yanka ba."

Maganar nan tasa ce ta sa na ɗauki biro. Mai karatu, a cikinta akwai tarihin sana'ar fim ɗinmu, akwai kuma dalilin da ya sa finafinai da dama da muka kalla muna yara suke neman ɓacewa.

ZAMANIN BIDIYO BIYU

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990, babu maganar kwamfuta a harkar. Kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, shi ne komai: a kansa ake ɗauka, a kansa ake tacewa, a kansa ake sayarwa. Edita kan haɗa na'urar bidiyo biyu, ɗaya tana kunna abin da aka ɗauko daga lokeshin, ɗaya tana naɗar wurin da aka zaɓa. Dole a bi labarin daga farko zuwa ƙarshe. Idan darakta ya tuna da wata fitowa da ya kamata ta shiga tsakiya, sai dai a sake duk abin da ya biyo bayanta.

Kaset ɗin da ya fito daga wannan aiki shi ake kira masta. Furodusa kan buga kwalayen fim ɗinsa, ya kai su tare da mastan wurin 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su sayi kwali su riƙa gurzawa da kansu. Daga nan kaset ya bi motocin Katsina da Daura, ya sauka a shagunan haya na garuruwa irin su Mashi. Kowace gurza tana rage wa hoto kyau. Wanda ya kalli kaset jikan masta ya san yadda fuskar jaruma kan yi jawur, launi ya tsiyaye.

KWAMFUTA TA SHIGO

A ƙasashen Turawa, tace fim a kwamfuta ya soma da wuri. Kamfanin Avid ya fito da na'urarsa a 1989, Adobe ya fito da Premiere a 1991, Apple kuma ya kawo Final Cut Pro a 1999. Amma abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne ƙaramin kaset na Mini DV da ya fito a 1995, tare da wata waya mai suna FireWire wadda ke haɗa kyamara da kwamfuta. A shekarun da suka biyo bayan 'Sangaya' (1999) da 'Wasila' (2000), lokacin da kasuwar fim ta buɗe sosai, situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos sun yi ta komawa wannan hanya.

Daɗinta shi ne hoto yana shiga kwamfuta yadda kyamara ta ɗauke shi, ba ragi. Wahalarta kuwa haƙuri. Kaset na awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya cur kafin ya gama shiga, edita na zaune yana addu'a kada a ɗauke wuta. Sannan awa ɗayan nan tana cin kusan gigabayit 13, a zamanin da rumbun kwamfuta da yawa bai wuce gigabayit 40 ko 80 ba. Saboda haka da zarar an gama fim, sai a goge shi a samar wa na gaba wuri. Kasusuwan da aka yi ɗauka a kansu ma, sau da yawa akan sake ɗora wani aikin a kansu don tsimi. Mai karatu, ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

FAIFAI YA KORI KASET

Faifan VCD ya fito a 1993, haɗin gwiwar Sony da Philips da JVC da Matsushita, DVD kuma ya shiga kasuwar Japan a ƙarshen 1996. Da na'urorin kallo masu araha 'yan Chana suka cika kasuwanninmu a shekarun 2000, sai kaset ya ba da wuri. Faifai ba ya sarƙewa, ba a mayar da shi baya, kuma gurza shi ya fi sauri da arha.

To amma ta yaya fim ya shiga cikin faifai ɗan mitsitsi? Matse shi aka yi. A tsarin talabijin ɗinmu, hotuna 25 ne ke wucewa a kowane sakan. A kaset ɗin Mini DV kowane ɗaya daga cikinsu cikakke ne, don haka edita na iya sa almakashi duk inda ya ga dama. A faifai kuwa, sai a ajiye cikakken hoto guda, sannan waɗanda ke bin sa, goma sha wani abu, a rubuta abin da ya canza kawai. Kamar mai shago ne da ya rubuta jimillar bashi sau ɗaya, daga nan sai "an ƙara biyar, an rage uku". Ka yage shafin jimillar, sauran lissafin ya zama shirme. Shi ya sa manhajojin editin na wancan zamani suke wahala da hoton faifai: wani su ƙi karɓa, wani su karɓa hoto na tsalle, wani kuma baki ya riga murya.

Ga kuma ƙanƙanta. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato kusan rubu'in na DVD da Mini DV masu 720 da 576. Abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Shi kuma DVD, mai cin gigabayit 4.7, yakan daddatsa fim zuwa fayiloli masu suna VOB, kowanne bai wuce gigabayit ɗaya ba, sai edita ya san yadda zai ɗinke su.

Masu ɗaukar biki da naɗin sarauta sun ƙara gamuwa da wata. A shekarar 2000 Hitachi ya fito da kyamara mai ɗauka kai-tsaye a kan ƙaramin faifai, wasu kamfanonin suka biyo baya. Faifan santimita 8 ne, yana cin gigabayit 1.4, wato kamar minti 30. An ɗauka an huta da zaman jiran kaset. Sai dai yawancin irin waɗannan faifai, dole a "rufe" su a cikin kyamara kafin wata na'ura ta iya karantawa. Wanda ya manta ya cire bai rufe ba, ya kai wa edita, sai kwamfuta ta nuna kamar babu komai a ciki, alhali bikin mutane ne kwance.

Editocinmu dai ba su zauna ba. Wasu sukan sauya wa fayil suna daga DAT ko VOB zuwa MPG don su yaudari manhaja. Wasu su juya shi zuwa AVI da wata ƙaramar manhajar. Wasu kuma su kunna faifan a na'urar kallo, su ja waya zuwa kwamfuta su sake naɗa, kamar zamanin kaset. Da waɗannan dabaru aka riƙa yanko waƙoƙin finafinai ana haɗa su a faifai guda. Da su kuma ɓarayin zaune suka ci karensu babu babbaka, suna cusa finafinai da yawa a DVD ɗaya. Hanyar da ta taimaki edita ita ce ta karya furodusa.

ABIN DA YA RAGE A HANNU

Daga baya kyamarori suka koma katin memori, kallo ya koma waya. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, finafinai masu dogon zango irin su 'Izzar So' na 2020 suka mamaye YouTube. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin saka faifai.

Yanzu mu koma kan abin da na ce ka riƙe. An goge fim daga kwamfuta, an ɗora wani aikin a kan kaset ɗin ɗauka, masta ya shiga hannun ɗan kasuwa, shagon kuma ya koma na kayan waya. Me ya rage? Faifan da aka sayar wa mai kallo. Kwafi mafi rauni, wanda ba a yi shi don yanka ba, shi ne ya zama masta ga finafinai da yawa da kuma bukukuwan gidajenmu. Kuma faifai ba dutse ba ne. Wanda aka gurza a kwamfuta rubutunsa a kan wani rini yake, zafin bazara da hasken rana suna cin sa sannu a hankali, ƙurar hunturu da gogar bakin riga suna kankare shi.

Dubi abin mamaki. Fim ɗin 'Shaihu Umar' na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana ganin ya ɓace. Amma da yake a kan fim na majigi aka ɗauke shi, kuma an ajiye asalinsa a ma'adanar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, sai aka gano shi, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ɗin 1976 ya dawo fes. Wani fim ɗin 2004 kuwa, in ka dace ka same shi, dishi-dishi za ka gan shi, da tambarin mai satar fasaha a kusurwa. Bambancin shi ne wani ya ajiye, wani bai ajiye ba.

Don haka ina kira ga furodusoshi, da magadan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da tsofaffin masu shagon haya, da duk mai faifan biki a ƙasan akwati. Har yanzu ana samun na'urar karanta faifai wadda ake jonawa da kwamfuta ta USB, kuma manhajoji na kyauta irin su VLC da HandBrake suna buɗe irin waɗannan fayiloli. A fara kwafe duk abin da ke cikin faifan yadda yake, ba tare da an juya ko an matse ba, a ajiye shi wuri biyu. Daga baya a yi ƙaramin kwafi na waya. Kada a jefar da faifan bayan an kwafe.

Shi dai editan nan na Katsina ya yi ta fama har la'asar. Bayan ya juya fayil ɗin, ya samo mini minti huɗu na maganar Baba, da tsalle biyu a inda faifan ya kankaru. Fuskar ba ta fita sosai ba, amma muryar tana nan garau. Da na koma Mashi na kunna wa Yaya, ta saurara har ƙarshe, ta ce in mayar. Sai da ta ji sau uku sannan ta kira yaran.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon adana abin da suka bari.