Daga fam dubu 200 zuwa miliyan: tarihin cinikin 'yan ƙwallo mata

'Yan uwa, mu da muke cika gidajen kallon ƙwallo duk ƙarshen mako mun haddace kuɗin Neymar, yuro miliyan 222 a 2017. Amma in aka tambaye mu na mata, sai mu yi shiru.

A 2002 ne Rayo Vallecano ta Sifaniya ta biya kusan fam dubu 200 ta ɗauko Milene Domingues 'yar Brazil, matar Ronaldo a wancan lokaci. Cinikin ya fi kama da talla, domin dokar gasar ƙasar ba ta yarda baƙi su buga ba a lokacin. Duk da haka, sai da farashin ya shekara 18 ba a ɗara shi ba.

Me ya kawo haka? Ba rashin gwanaye ba ne. A Ingila ma, hukumar ƙwallo ta hana mata filayenta tun daga 1921, har tsawon shekara hamsin. Bayan an ɗage hanin, yawancin 'yan wasa ba su da doguwar kwantiragi, wasu ma sai sun haɗa da wani aikin. Kulob zai jira kaka ta ƙare ya ɗauki yarinya kyauta. Wa zai sayi abin da zai samu a ɓagas?

Da manyan kulob suka fara ba da kwantiragin shekaru, sai ciniki ya kankama. Chelsea ta sayi Pernille Harder daga Wolfsburg a 2020 kan kusan fam dubu 250. Barcelona ta biya kusan dubu 400 kan Keira Walsh a 2022.

Wanda ya fi burge mu shi ne na Fabrairun 2024. Bay FC ta Amurka ta biya Madrid CFF yuro dubu 735 kan Racheal Kundananji 'yar Zambiya. Kafin ita, babu ɗan Afirka, mace ko namiji, da ya taɓa zama mafi tsada a duniya. A kulob ɗin ta haɗu da tamu, Asisat Oshoala, wadda ta zo daga Barcelona.

Shekarar 2025 kuwa abin ya zama tsere. A Janairu Chelsea ta sayi Naomi Girma, wadda iyayenta 'yan Habasha ne, kan dala miliyan 1.1. A Yuli Arsenal ta biya Liverpool fam miliyan ɗaya kan Olivia Smith, farashin da maza a Ingila suka kai tun 1979 da Trevor Francis.

A wannan Yulin ne Super Falcons suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Gwanaye muna da su. Sai dai kuɗin ciniki na shiga aljihun kulob ɗin da ke riƙe da takardar kwantiragi ne: yuro dubu 735 na Kundananji Madrid aka biya, ba Indeni Roses ta Ndola da ta yi wa wasa a gida ba.