Firefly: shirin da aka yanke wa numfashi yana jariri

Wani abokina ɗan Tawa ne ya zuba mani shi a waya, ya ce in bari sai bayan jarrabawa. Ina! Dare uku na cinye shi, ina bin fassarar Faransanci a ƙasan allo. Da na gama kashi na 14 na koma neman ci gaba, sai ya kwashe da dariya, ya ce ai shi ke nan, an kashe shirin tun ba mu san kanmu ba. Haushin da na ji ne ya sa na bi tarihinsa.

Joss Whedon ne ya ƙirƙiro Firefly, tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shi ranar 20 ga Satumba 2002. Labarin yana faruwa ne a shekara ta 2517. Mutum tara ne cikin wani tsohon jirgin sararin samaniya mai suna Serenity, shugabansu Malcolm Reynolds, tsohon sojan da aka ci ɓangarensa da yaƙi, ya koma fasa-ƙwauri don neman tuwo. Jirgin sama jannati ne, amma ga dawakai, ga bindigar kaboyi, akwai ma kashin da suka yi lodin shanu. Wanda bai gani ba zai ce shirme ne.

To me ya kashe shi? A ganina tashar ce da hannunta. Whedon ya shirya kashin farko na awa biyu, wanda ke gabatar da kowa da dalilin hawansa jirgin. Manyan Fox suka ce ya cika sanyi, suka ajiye shi, suka sa Whedon da Tim Minear suka rubuta wani cikin kwana biyu, shi ne "The Train Job", aka buɗe da shi. Sauran ma aka riƙa nuna su a birkice, kuma a daren Juma'a, lokacin da matasan Amurka ba sa zama gida. Ka ɗauka tatsuniya ce aka fara maka daga inda Gizo ya riga ya shiga rami, sannan a zarge ka da rashin ganewa. Masu kallo ba su kai miliyan 5 ba, masu talla kuwa adadi suke saye. A watan Disamba aka soke shi. Kashi 11 kawai aka nuna cikin 14, kuma wancan na farkon shi aka nuna a ƙarshe, ranar 20 ga Disamba 2002. Wallahi har yanzu abin na ba ni dariya mai ciwo.

Amma ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma asarar da ta fi damuna ta baki ce. A duniyar Firefly, Amurka da Sin sun haɗe sun zama daula guda, don haka kowa, har jahili, yana surka Ingilishi da Sinanci. In rai ya ɓaci sai a juya zuwa Sinanci a yi ashar, ba fassara, abin da ya taimaka wa marubutan su zille wa masu tace fina-finai. Da na ji haka sai na ce ai mu ne! Mu da ke fara jimla da Hausa mu ƙarasa ta da Faransanci, maƙwabtanmu kuma suna da Ingausarsu. Sai dai shirin ya kama gaskiya rabi ne. Mai surki na ainihi ba a zagi kaɗai yake juyawa ba, yana juyawa a ƙirga kuɗi, a faɗin kwanan wata, a zancen lakwal. Masu jin Sinanci kuma sun sha kukan cewa ƴan wasan suna ɓata karin sauti. Bahaushe ya san nauyin wannan, tunda kari ne ke raba kuka na hawaye da kukar miya. Ga wani abin kunya: duk da wannan Sinanci, babu ɗan asalin Sin ko ɗaya cikin taurarin tara. Da shirin ya yi shekara biyar, da wataƙila masu suka sun tilasta gyara. Ba a ba shi wata huɗu ba ma.

Masoyansa, masu kiran kansu Browncoats, ba su yi shiru ba. Sun tara kuɗi sun sayi shafin talla a mujallar Variety, sun yi ta aika wasiƙu. Fox ba ta waiwaya ba. Da faifan DVD ya fito a Disamba 2003 da kashi 14 a jere yadda aka tsara su, sai ya yi kasuwa sosai, har kamfanin Universal ya yarda aka yi fim ɗin Serenity a 2005. Fim ɗin da ƙyar ya mayar da kuɗin da aka zuba masa, kuma a cikinsa aka kashe Wash matuƙin jirgi da Book, faston nan da shirin ya yi ta ja mana rai game da asalinsa. Na kalle shi jiya, abokina yana gefe yana jiran ya ga fuskata a wurin mutuwar Wash.